Gani Bai Kori Ji Ba: Taskar Hotuna da Finafinai a Ajin Tarihin Zamfara

Gabatarwa

Yaron da aka haifa a Tsafe ko Bunguɗu a shekarar 2010 ya buɗe ido ne ya tarar da sunan jiharsa yana yawo a duniya tare da labarin gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a yankin Anka da Bukkuyum. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a watan Fabrairu na 2021. Kafin shekarar ta fita an rufe makarantu, an kuma katse layukan waya na tsawon makonni. Hotunan Zamfara da ya fi gani a wayar yayansa ko ta maƙwabci su ne na ƙauyukan da aka ƙone da na sahun jana'iza. A mafi yawan shekarunsa na firamare kuwa babu darasin Tarihi a jadawali, domin an cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun wajajen 2009, sai a watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi gadan-gadan.

Ashe ke nan wannan yaro yana da hotunan ƙasarsa tuli, amma dukkansu na shekara goma sha biyar ne kacal, daga cikin tarihin da ya shafe ɗaruruwan shekaru. Wanda bai san ƙasarsa ta taɓa zama wani abu dabam ba, da wuya ya yarda za ta iya sake zama wani abu. A nan ne taskar tsofaffin hotuna da finafinai take da rana. Sai dai masu iya magana da suka ce gani ya kori ji, ba ajin Tarihi suke nufi ba. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, hoto shaida ne da ake gurfanarwa a yi masa tambayoyi, kuma ba ya cika sai an haɗa shi da abin da kunne ya ji daga bakin mutanen wurin. Garuruwa uku da ke jere a kan hanya ɗaya, wato Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kowanne yana nuna fuska guda ta wannan al'amari.

Daga majigi zuwa yau

Koyarwa da hoto mai motsi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun a ƙarshen shekarun 1920 wani jami'in kiwon lafiya Bature mai suna William Sellers ya fara nuna finafinan tsafta a Legas, daga baya aka ɗora na'urar a mota tana zagaya garuruwa. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kai. Wannan mota ce kakanninmu suka sani da suna majigi. Takan iso da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar hakimi, a tayar da inji, bayan sallar isha gari ya hallara. Ana nuna yadda ake haƙa masai, da amfanin lamba, da dabarun noman auduga irin na fim ɗin Baban Larai. Bayan samun 'yancin kai Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da aika motocin, suna nuna rangadin Sardauna da buɗe sababbin ayyuka.

Abubuwa biyu ya kamata malamin yau ya ɗauka daga majigi. Na farko, fim bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba. Kullum akwai mai bayani riƙe da lasifika yana fassara wa jama'a, kuma abin da ya faɗa shi mutane suke komawa gida da shi. Na biyu, kowane fim yana da mai shi, mai shin kuma yana da buƙata. Wanda ya biya kuɗin fim ɗin auduga, auduga yake so ta isa masaƙun Ingila.

Yawancin waɗannan kayayyaki suna nan. A 2014 kamfanin British Pathé ya zuba finafinansa kimanin 85,000 a YouTube, a cikinsu akwai na Arewacin Nijeriya. A 2011 Gidan Adana Takardun Tarihi na Ingila ya fitar da dubban hotunan Afirka na Ofishin Mulkin Mallaka a intanet. Jami'ar Northwestern ta Amurka tana riƙe da tarin hotunan E. H. Duckworth, wanda ya daɗe yana editan mujallar Nigeria. A gida kuma akwai Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Sakkwato suke, da Gidan Arewa, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da taskar finafinai ta ƙasa a Jos. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 ya yi shekaru ana zaton ya ɓata, sai aka gano gwangwanayensa a wani ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi, aka nuna shi a Balin ta ƙasar Jamus a 2018. Abin ɗaukar darasi a nan shi ne, ba duk abin da ya ɓace wa ido ne ya salwanta ba. Amma taskar da ke Landan ko Jos ba ta amfana wa ɗalibin Tsafe komai sai an kai masa ita aji, an kuma koya masa yadda ake karanta ta.

Gusau: inda kyamara ta tsaya

Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19. Amma abin da ya mayar da ita babbar cibiyar ciniki shi ne titin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ta Funtuwa, ya iso Gusau a 1927, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Bayan jirgi sai kamfanonin Turawa da Kwarori masu sayen gyaɗa da fata, sai injin gurzar auduga, sai Sabon Gari da ya cika da Yarbawa da Ibo da sauran baƙi. A shekarun 1960 aka kafa masaƙar Zamfara a garin. Inda jirgi da kanti suke, nan Bature yake. Inda Bature yake kuwa, nan kyamara take. Saboda haka cikin garuruwan nan uku Gusau ce mai babban rabo a hoto.

A ce malami ya haska wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare fim na minti uku da ke nuna cinikin gyaɗa a wata tashar Arewa: leburori na ɗauke da buhuna a ka, akawu na zaune gaban sikeli, wani Bature cikin gajeren wando yana nuni da sanda, muryar mai bayani tana yabon ci gaba. Idan aka kalla aka tafa aka tashi, an yi nishaɗi, ba a yi Tarihi ba. Darasi yana farawa ne lokacin da malami ya tsayar da fim, ya tambaya: wa ya riƙe kyamarar nan? Wa aka ambaci sunansa, wa aka bari babu suna? Nawa ake biyan mai ɗauke da buhun? Me ya sa manomi ya bar hatsi ya koma gyaɗa da auduga? Amsar ta ƙarshe ba ta cikin fim. Tana cikin takardun haraji, domin tun da aka ce da kuɗin Bature za a biya, dole manomi ya shuka abin da Bature zai saya. Sai kuma tambayar da ta fi kowacce zafi ga ɗan Gusau: ina jirgin yake yau, kuma me ya kashe masaƙar?

Daga nan sai a tura ɗalibai gida. A Tudun Wada da Sabon Gari akwai tsofaffin ma'aikatan reluwe da na masaƙa waɗanda suka san ƙarfe nawa jiniya take kaɗawa, da abin da albashin wata yake saye. Fim ya nuna buhu, tsoho ya faɗi nauyinsa a wuya. Da an haɗa biyun, ɗalibi ya fahimci cewa arzikin gari yana da sanadi, karyewarsa ma tana da sanadi, kuma duk biyun aikin mutane ne.

Tsafe: inda kyamara ba ta kai ba

A ƙasar Tsafe, gefen hanyar da ta nufi Gusau, akwai 'Yandoto. Kafin jihadi gari ne na malamai da ɗalibai ke nufa daga nesa, yana cikin ƙasar Katsina ta wancan zamani, har ma tarihin baka yana cewa daga nan Muhammadu Korau ya fito kafin ya karɓi sarautar Katsina. Da Shehu ya yi kira sai malaman garin suka rabu: wasu, irin su Malam Sambo, suka bi shi, mafi yawa suka ƙi. A wajajen 1806 Muhammadu Bello ya zo da runduna ya ci garin, malamansa suka watse. Har yau sarautar Tsafe 'Yandoto ake kiranta, ta Gusau kuma Sarkin Katsina.

Ba a ƙirƙiro ɗaukar hoto ba sai 1839, shekara talatin da 'yan kai bayan faɗuwar 'Yandoto. Wannan shi ne babban haɗarin koyar da tarihi da hoto: yaro yakan ɗauka abin da ba shi da hoto bai faru ba, ko kuwa bai kai a kula da shi ba. Idan taska ta ƙunshi abin da Turawa suka ɗauka kaɗai, tarihin Zamfara zai fara ne daga 1903, a zubar da Birnin Zamfara da Gobirawa suka ci a tsakiyar ƙarni na 18, a zubar da Alƙalawa da ta faɗi a 1808, a zubar da 'Yandoto da malamanta.

Maganin wannan shi ne a faɗaɗa ma'anar taska. Shafin tsohon littafin da aka rubuta da tawada da alƙalamin kara, idan aka ɗauki hotonsa aka haska a bango, ɗalibi zai ga hannun malamin da ya rubuta shi da ƙananan sharhohin da almajirai suka cusa a gefe. Hoton tauraron ɗan'adam yana nuna shimfiɗar ƙasa da duwatsu da hanyoyin da fatake suka bi. Taswirar da ta nuna iyakokin Katsina da Zamfara da Gobir kafin jihadi ita kaɗai za ta warware wa yaro abin da ya daɗe yana ji bai tambaya ba: yaya aka yi Sarkin Katsina yake zaune a babban birnin Zamfara? Sai kuma bidiyon dattawan fada da na zuriyar malamai suna ba da labari da bakinsu. Labarin faɗuwar 'Yandoto da ya fi shahara daga alƙalamin Muhammadu Bello ya fito, a littafinsa Infaƙul Maisuri, wato daga ɓangaren da ya yi nasara. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a bincikensa kan Katsina, ya nuna amfanin ɗora rubutattun madogara a kan ma'auni tare da abin da mutanen wuri suke faɗa. Abin da ya yi a jami'a, ana iya koya wa ɗan shekara goma sha huɗu farkonsa.

Akwai wani dalili da ya sa wannan aiki ya zama tilas a Tsafe. A da malami kan ɗebi ɗalibai a mota ya kai su su taka kufai da ƙafarsu. Yau babu shugaban makarantar da zai sa hannu a kan irin wannan tafiya, babu kuma uban da zai yarda. Tun da ɗalibi ba zai je wurin ba, sai a kawo masa wurin.

Bunguɗu: hoto ɗaya, labari biyu

Dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, ana hango shi daga kan titi. Matafiya da yawa sun san shi da tsayi da tsofaffin al'adun Maguzawa, amma kaɗan ne suka san cewa a kusa da shi aka yi ɗaya daga cikin gumurzun ƙarshe na kare Daular Sakkwato. Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sarki Alu ya tafi ziyara Sakkwato. A hanyar dawowa rundunar ta rabu: Sarki ya sulale, Wambai Abbas ya nufi Kano da masu neman sulhu, Waziri Ahmadu kuwa ya ja sauran. A ƙarshen watan suka yi arangama da sojojin Turawa a ƙasar Kwatarkwashi, aka kashe Waziri, wanda Kanawa ke kira Mai Shahada.

Hafsan Bature da ya jagoranci wannan faɗa, Laftanar Wallace Wright, ya samu lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila. Takardar lambar ta ce da shi da hafsa ɗaya da soja 44 suka tare mahaya 1,000 da dakaru 2,000 na tsawon awa biyu. Hotonsa cikin kaki da lambobi yana nan a littattafai da intanet. Sojojin 44 da suka riƙe bindigogin, waɗanda baƙaƙen fata ne na rundunar Turawa, takardar ba ta ambaci sunan ko ɗaya ba. Waziri da mutanensa kuwa a bakin jama'a sunansu ya rayu.

Da wuya a sami darasin da ya fi wannan nuna wa ɗalibi yadda taska take karkata. A haska hoton Wright, a karanta lissafin takardar, sannan a tambaya: wa ya ƙirga mahayan nan dubu ana tsakiyar yaƙi? Wa zai amfana idan adadin ya yi yawa? Me ya sa doki da mashi suka kasa bindiga mai jigida ko mai harsashi da yawa? Sannan a sa muryar dattijon Kwatarkwashi yana faɗin abin da ya ji daga kakansa. Ba a neman yaro ya jefar da ɗaya ya rungumi ɗaya. Ana so ne ya saba da zaman alƙali: ya ji ta bakin kowa, ya san inda shaida ta ƙare, zato ya fara.

Taskar da ke ƙarƙashin gado

Mafi girman taskar tarihin Zamfara ba ta Landan ba ce. Tana cikin adakar tsofaffi da ambulan ɗin da aka cusa a bayan madubi: hotunan aure da na naɗin sarauta, na maniyyata a filin jirgi, na 'yan aji bakwai a gaban allo, katin shaidar ma'aikacin En'e, rasiɗin jangali. Tana cikin gilasan tsofaffin masu hoto na kasuwa, da kaset-kaset na Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, waɗanda waƙoƙinsu ke ɗauke da sunayen sarakuna da garuruwa da abubuwan da suka auku, kamar yadda ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan makaɗa suka nuna. Tana kuma cikin ɗakunan ajiya na gidajen rediyo da talabijin.

Wannan taska ita ce take ƙarewa a kullum. Gara tana ci, damina tana jiƙawa, kaset yana manne wa kansa. Ƙauyen da aka tasa cikin dare, ba hoto mutum yake ɗauka ba, ɗansa yake ɗauka. Su ma masu ba da labarin tafiya suke. A 2022 Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar ya rasu bayan kimanin shekara 61 a kan gado. Mutum ɗaya ya ga zamanin Lardin Sakkwato, da Jihar Arewa maso Yamma ta 1967, da Jihar Sakkwato ta 1976, da Jihar Zamfara ta 1 ga Oktoba, 1996. Irinsa nawa suka rage, kuma nawa aka zauna da su da na'urar ɗaukar magana?

Yadda za a ɗauki aikin

Aikin bai fi ƙarfin jiha ba. Sassan Tarihi da na Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejojin horon malamai na Gusau da Maru suna iya zama uwa. Su nemi izinin masu taskokin waje, su tace abin da ya shafi tsohon Lardin Sakkwato, su sa masa bayani da Hausa. Ɗalibansu su riƙa fita da waya suna ɗaukar hotunan gida a inda suke, a bar wa masu su asalin kayansu. Kowane hoto a rubuta masa abu biyar kafin ya shiga taska: wane ne, a ina, yaushe, wa ya ɗauka, don me. Hoton da ba a san amsarsa ba a rubuta cewa ba a sani ba, kada a ƙaga masa.

Darasin 2021, lokacin da aka katse layukan waya, ya isa ya hana a jingina taskar da intanet. A zuba ta a katin memori, kowace makaranta ta sami majigi ƙarami da batir da farantin sola. Inda babu wannan, hoto goma da aka buga a takarda mai kauri sun isa darasin zango guda. Abin da ya fi na'ura tsada shi ne malami. Wanda bai iya tambayar hoto ba zai mayar da majigi hanyar hutu, ya kunna ya fita shan iska.

Akwai kuma wuraren taka-tsantsan. Hoton iyali, musamman na mata, ba a haska shi sai da yardar masu shi. Hotunan gawa da na ta'asar 'yan bindiga ba kayan aji ba ne, domin a cikin ɗaliban akwai marayun wannan masifa. Tarihin jihadi da na sarautu da na zaman Hausawa da Fulani yana da ƙaiƙayi, kuma malamin da ya zaɓi hotunan ɓangare ɗaya zai iya hura wutar da aka zo kashewa. Daga ƙarshe, Facebook da WhatsApp sun cika da tsofaffin hotuna da aka laƙaba wa sunayen da ba nasu ba, ga kuma waɗanda kwamfuta take ƙirƙirowa. Yaron da ya koyi tambayar hoton 1903 shi ne zai tsaya ya tambayi bidiyon da aka turo masa jiya kafin ya tura wa wani. A jihar da jita-jita take iya jawo asarar rayuka, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Kammalawa

Gusau ta nuna cewa hoto yana faɗin gaskiya amma ba duka ba. Tsafe ta nuna cewa tarihi ya girmi kyamara. Bunguɗu ta nuna cewa mai nasara ne yake tsayawa a gaban mai hoto. Taskar da za ta amfani ɗan Zamfara ita ce wadda ta haɗa fim ɗin Bature da hoton adakar kaka, da shafin malamin 'Yandoto, da muryar tsohon ma'aikacin masaƙa, aka kuma damƙa ta ga malamin da ya iya tambaya. Finafinan Landan suna cikin ɗaki mai sanyi, ko bayan shekara hamsin za a same su. Dattawan Tudun Wada da na Kwatarkwashi ba za su jira haka ba, don haka da su ya kamata a fara.